Ladingo da Numfashin Jatau

An yi wata dolfin a cikin teku mai suna Ladingo. Ga wanda bai san dolfin ba, siffarta ta kifi ce amma ita ba kifi ba ce. Haihuwa take yi ta shayar da ɗanta, kuma ƙofar hancinta a tsakar ka take, sai ta leƙo saman ruwa take shaƙar iska.

Dangin Ladingo suna da wata al'ada mai kyau. In ɗayansu ya jikkata, sai a shiga ƙarƙashinsa a tallafo shi sama har numfashi ya dawo masa. Ladingo ta ƙware a wannan aiki, ta ceci 'yan uwanta da dama. Aka yi ta yabonta har abin ya hau mata kai, ta zama ba a gaya mata magana ta ji.

Tana da aboki, wani babban kifi mafarauci da ake kira shak, mai suna Jatau. Bakinsa cike da haƙora, amma ba shi da yawan magana, kuma bai taɓa taɓa danginta ba. Tare suka tashi a gaɓa ɗaya. Irin su Jatau ba sa tsayawa wuri ɗaya, domin sai suna tafiya ruwa ke shiga bakinsu ya fita ta tsagogin gefen wuyansu, numfashinsu ke nan. Ladingo ba ta taɓa tambayarsa dalili ba. Tsokanarsa kawai take yi, wai ya cika yawo kamar marar gida. Shi kuwa sai ya wuce abinsa.

Wata rana da hantsi Jatau ya faɗa ragar masunta. Ya yi ta kokawa har ya yaga ta ya fito, amma ƙarfinsa ya ƙare, jelarsa ta daina kaɗawa. Ya soma nitsewa a hankali.

Ladingo ta hango shi. Ta zo a guje ta shiga ƙarƙashinsa, ta ɗago shi har kansa ya fito sarari, ta tsaya cik.

"Ladingo, mai da ni ruwa," in ji Jatau da ƙyar. "Tura ni gaba."

"Yi shiru ka ja iska. Wahala ce ta sa kake sambatu."

Can sai ga wata tsohuwar kififfiya, Gwaggo Tabawa, wadda duk teku an san ta da faɗa. Ta dube su ta riƙe baki.

"Ke 'yar nan, me kike yi haka? Kashe shi za ki yi?"

"Gwaggo, ki matsa min. Nawa na ceta a gabanki? Ke wa kika taɓa ceta?"

"Waɗanda kika ceta danginki ne. Wannan kin taɓa ganin ya leƙo sama shan iska?"

Maganar ta ɗan taɓa Ladingo, don kuwa ba ta taɓa gani ba. Amma kifaye sun fara taruwa suna kallo, ta ji nauyin a ce tsohuwa ta gyara mata aiki a bainar jama'a. Sai ta ce ai duk mai rai da iska yake rayuwa, ita ma Gwaggon ba iskar take sha ba? Gwaggo Tabawa ta yi faɗa, ta yi roƙo, har ta sa kai tana ƙoƙarin ture Ladingo, amma ina ƙarfin tsohuwa ina na Ladingo.

Rana ta yi ta dukan kan Jatau. Ya ƙara motsa baki, Ladingo ta ce masa ya daure, saura kaɗan. Da gaske take son sa, wannan babu shakka. Bayanta ya yi tsami, fatar Jatau mai kaushi ta goge ta har jini, duk da haka ba ta sauke shi ba.

Da ta ji ya daina motsi gaba ɗaya, sai tsoro ya kama ta. Ta mai da shi ruwa, ta shiga tura shi gaba kamar yadda ya roƙa tun farko. Ta tura, ta kira sunansa, ta sake turawa. Ruwa na shiga bakinsa yana fita, amma Jatau ya riga ya tafi.

"Gwaggo, ki ce masa ya tashi. Ga shi ina yin abin da ya ce."



Gawar ta suɓuce ta nufi ƙasa. Ladingo ta bi ta, tana kuka tana neman gafara, har ruwa ya yi duhu ya yi sanyi. Ta so ta raka shi har inda zai kwanta, amma ƙirjinta ya soma zafi. Dole ta juya ta bar shi yana nitsewa shi kaɗai, ta hau sama neman iska.

Darasin wannan labari shi ne, abin da ya raya ka ba lalle ne ya raya waninka ba. In za ka taimaki wani, ka fara sauraron abin da yake bukata, ko da kana ganin ka fi kowa sani. Ƙauna ba ta isa ba in girman kai ya toshe kunne.