Murjanin Da Ya Ƙi Rabuwa

Mai karatu, ka taɓa jin inda ƙwayar murjani ɗaya ta kusa raba mutum da hannunsa?

A wani zamani mai nisa, fatake suka kawo wa wani sarki jakar murjani. Waziri Gambo ya karɓa, ya ba da shawara a kira Yelwa, mai zura duwatsun ado, wadda ta taɓa hana shi sayen garkarta. Sarki ya ce mata, "Ki zura su sarƙa-sarƙa, aƙalla biyu, kowace daidai da 'yar'uwarta, kada ƙwaya ta ragu. In Juma'a ta zo ba ki gama ba, a bakin hannunki na dama."

Yelwa ta zube su a tabarma ta ƙirga: dubu biyar da talatin da tara. Ta raba biyu, ɗaya ta yi saura. Ta raba uku, saura biyu. Ta gwada goma sha ɗaya, sha uku, sha bakwai, har saba'in da ɗaya, lambar ta ƙi. Ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. Ta riƙa shafa wuyan hannunta.

Ran Juma'a, dogari na tsaye da takobi, Yelwa ta durƙusa gaban Sarki, ta ce:

"Ranka ya daɗe, ba su rabu ba."

"A kama ta!" in ji Waziri.

Yelwa ta ce, "Allah ya ja zamaninka, a ji ni! Na jera huɗu-huɗu, layin ƙarshe ya rasa ɗaya. Biyar-biyar, ɗaya. Har goma-goma, kullum ɗayar nan ce babu. Jakar nan an taɓa ta."

Sarki ya sa aka kira madugun fataken, ya ce, "Nawa kuka ɗaure?"

"Dubu biyar da arba'in, ranka ya daɗe. Haka muke ɗaurewa tun kakanni, don ko mu nawa ne, daga biyu zuwa goma, mu raba ba rigima."

Sarki ya dubi Waziri. "Gambo, hannunka kaɗai jakar ta bi."

Aka warware rawaninsa, ƙwaya ja ta faɗo, ta gangara gaban Yelwa. Nan take aka tuɓe shi daga sarauta, ita kuwa ta zura sarƙa saba'in, kowace ƙwaya saba'in da biyu.

Lambar madugu tana da masu raba ta har sittin. Ɗauko alƙalami ka zaƙulo su da kanka.