Manomin da Magani Ya Ci Masa Fata

Akwai wani mutum, manomin rake ne a fadama. Wata shekara sai ƙari ya fito masa a cinya, ya yi ta girma har mutumin ya kasa sunkuyawa ya riƙe fartanya. Ciyawa ta cinye gonarsa, abinci ya fara ƙaranci a gidansa. Da ya ga haka, sai ya tashi ya tafi asibiti, likita ya duba shi, ya ce sai an yi aiki.

Ran aikin, kafin wuƙa ta taɓa shi, aka shafe masa cinya da wani magani ja kamar ruwan goro, mai kashe ƙwayoyin cuta. Likita ya yanka, ya cire ƙarin, ya ɗinke. Mutumin ya koma gida yana godiya.

Ba a daɗe ba, duk inda maganin nan ya taɓa ya yi jawur, ƙananan ƙuraje suka feso, ga ƙaiƙayi kamar an zuba masa ƙaiƙayin gero a riga. Mutumin ya husata. Duk wanda ya zo gaishe shi, sai ya buɗe cinya ya nuna masa, yana cewa likita ya karɓi ciwo ɗaya ya ba shi wani. Zancen ƙarin da aka cire kuwa bai ƙara fitowa daga bakinsa ba.

Matarsa ta ce, "Maigida, mu koma wurin wanda ya yi aikin mana. Shi ya san abin da ya shafa."

Ya ce shi da asibitin nan har abada. Ya kwaɓa toka da man gyaɗa ya shafa, ya ci gaba da susa. Yau kaɗan gobe kaɗan, har farcensa ya kai ga ɗinkin. Ɗinki ya buɗe, wurin ya ɗuri ruwa, zazzaɓi ya kwantar da shi. Matar ba ta sāke neman shawararsa ba, ta kira ƙanensa suka ɗora shi a babur, suka mai da shi asibitin.

Yana tsammani likita zai yi masa faɗa, ko kuwa ya musanta. Amma likitan ya daɗe yana duban fatar, sa'an nan ya ce, "Baba, gaskiyarka, maganinmu ne ya ci maka fata. Akwai jikin da ba ya jituwa da shi, ban kuwa san naka yana ciki ba. Ka yi haƙuri. Sai dai ba a yanka mutum ba a tsabtace wurin ba, in ba haka ba wuƙa za ta shiga da cuta. Da ka zo tun farko, man shafawa kaɗai ya isa."

Ya wanke mikin da wani magani dabam, ya sāke ɗinkewa. Mutumin ya warke, ya koma fadamarsa, amma da tabo mai faɗin tafin hannu.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: ƙarin shi ne zunubi, likitan kuwa bawan Allah ne da ya zo maka da gyara. Maganin shi ne tsawatarwa. Ba a raba mutum da zunubi ba tare da ita ba. Amma bayin Allah mutane ne, wani lokaci kalmar da ta yi wa wani daidai sai ta ƙone ka. Wataƙila dattijon ikilisiya ya faɗa maka gaskiya da zafin da ya wuce kima. Ciwon da ka ji ba ƙarya ba ne.

Abin tambaya shi ne, ina ka kai shi? Waɗansunmu sun daina zuwa sujada saboda magana ɗaya. Suna zaune a gida suna susa, suna nuna wa kowa wurin, ban da wanda ya faɗa musu maganar. Sun manta da abin da Ubangiji ya cire musu.

In akwai mai irin wannan ƙaiƙayi a cikinmu yau, kada ya jira zazzaɓi. Ya kai kukansa ga Ubangiji cikin addu'a, sa'an nan ya tashi ya je wurin ɗan'uwansa ya ce, "Maganarka ta yi mini ciwo." Ku kuma masu gyara, in an zo muku da haka, ku duba fatar da kyau kafin ku buɗe baki.