Gurasar Tasalla da Haƙorin Sarki

A zamanin da, a wani birni mai ƙofa bakwai, an yi wani Sarki Nomau wanda ya gatsi dabino a gaban baƙi, ƙwallon ya ɓalle masa haƙorin gaba. Kunya ta fi zafin ciwo. Waziri Gagare, mutum mai tumbi da daɗin baki, ya ba da shawara a hana cin dabino, a sare kowace bishiyarsa cikin kwana bakwai, wanda kuma aka kama yana ci a kore shi daga ƙasar. Aka yi shela.

To, akwai wata tsohuwa mai gurasa, Tasalla, da ke da dabino guda a tsakar gida. Marigayi mijinta ne ya dasa shi ranar da ta tare. Da ta ji shela ba ta yi kuka ba. Ta san dokar fada: duk abincin da aka aiko wa Sarki sai Waziri ya ɗanɗana. Ta kuma san cikin Waziri, don shekara goma yana aikowa a saya masa gurasarta.

Sai ta jiƙa dabino, ta zare ƙwallayen, ta kirɓa shi har ya yi laushi. Ta fasa jauzi, wata gyaɗar fatake mai ɓawo kamar dutse. Ta kwaɓa garin alkama da tsohon ƙullu da man shanu, ta barbaɗa kirfa da kanumfari da citta, ta rufe ƙwarya har ƙullu ya taso. Ta juye a kasko, garwashi a sama, garwashi a ƙasa. Ƙamshin ya sa limamin unguwa ya maimaita sura ɗaya sau uku, ko da yake shi ya musa.

Ta aika fada. Waziri ya gutsura don ɗanɗano, ya sake gutsura don tabbatarwa, sai ga akushi wayam. Haka aka yi kwana shida. Rana ta bakwai, masu gatari na bakin ƙofarta, ta roƙe su su jira azahar, ta ɗauki gurasa ta bakwai ta kai da kanta. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta tambaya ko gurasarta guda shida sun yi wa Sarki daɗi.

Sarki ya gyara amawali a kan giɓinsa, ya ce, "Iya, wace gurasa?"

Waziri ya hau bayani, wai ya ga alamar cuta a cikinta, shi ya sa ya sadaukar da ransa ya cinye, kullum, har kwana shida. Tasalla ta gode masa, sannan ta kwance bakin zanenta, ta zube ƙwallayen dabino a gaban karaga.

"Allah ya ja zamanin Sarki, ga abin da ya yi maka laifi, na tsare shi. Abin da bai yi laifi ba yana cikin Waziri. In za a kore ni, a ba ni jaki mai ƙarfi, don ni da Waziri tare za mu tafi."

Sarki ya sa aka kai masa gurasar bayan labule, tunda ya rantse ba zai ƙara ci a gaban mutane ba. Aka jira. Can ya fito yana kaɗe gemu, ya tambaya ko akwai saura.

Nan take aka janye doka, aka aika masu gatari su koma gida. Waziri kuwa ba a kore shi ba. An yanke masa zuwa gidan Tasalla kowace Alhamis, ya zauna a inuwar dabinon, ya zare ƙwallo, ya fasa jauzi. Tasalla kuma takan sa shi yin fito har ya gama, don ta tabbata bakinsa babu komai.