Ajiyar Ƙafafun Kyallu

"Ga ta nan, ga ta nanku. Kai Tanko, janye ƙafarka daga murhu."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

Wata Tunkiya ce ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, sai can daga baya Allah ya ba ta 'ya mace, ta sa mata suna Kyallu. Son da take yi wa yarinyar nan ya wuce misali. Ko ƙuda ya sauka a kanta sai ta bi shi da zagi har ƙofar gida.

A garin nan kuwa suna da al'ada. Tsofaffinsu duk a tsallaken rafi suke zaune, hanya ɗaya ce kuma zuwa can, gungumen giginya da aka gitta. In an yi girbi, duk yaron da aka yaye a shekarar zai ɗauki ƙwaryar furar sabon gero a ka, ya bi ta kan giginyar, ya kai wa kakarsa ta wajen uba. Uwa tana tsaye a bakin gaɓa, surukai suna kallo. Ranar ake sanin uwar da ta iya reno, Tunkiya kuwa ba abin da take so duniya kamar surukarta ta yaba mata.

Rannan Kyallu tana tsalle-tsalle da 'ya'yan Akuya, ta faɗi ta kurje gwiwa. Ko jini bai fito ba, amma Tunkiya ta ɗora hannu a ka tana kururuwa. Sai ga Gizo, yana tafe da yunwarsa ta kullum.

Ya ce, "Sannu, Innar Kyallu. Ai ba faɗuwar ba ce abin kuka. Ke ba ki san ƙafa ƙarewa take yi ba?"

Ta ce, "Ƙarewa, Malam Gizo?"

"Ƙwarai. Ba ki ga takalmi in ya sha tafiya ba? To haka ƙafar yaro take. 'Ya'yan Akuyar nan kafin girbi sun cinye nasu. Ki zaunar da taki ta ajiye ƙafafunta, ranar giginya ta fito da su sababbi fil."

"To wa zai tsare mini ita in na tafi kiwo?"

"Ga ni kuwa? Don Allah zan yi. Ki dai riƙa barin abincinta a hannuna."

Aka shimfiɗa wa Kyallu tabarma a ƙuryar ɗaki, Gizo ya kame ƙofa, ga akushi a gabansa.

Kashegari 'ya'yan Akuya suka leƙo. "Kyallu, zo mu yi langa!"

Kyallu ta ce, "Baba Gizo, in je?"

Ya ce, "Langa? A ɗora wa ƙafa ɗaya aikin huɗu? Zauna." Ya kore su, ya cinye ƙosan, ya bar mata ɓurɓushi.

Suka sake dawowa. "Kyallu, zo mu hau suri!"

"Baba Gizo, in je?"

"Suri kankare kofato yake yi. Zauna." Ya kore su, ya shanye kunun, ya miƙa mata ludayi ta lasa.

Suka dawo na uku. "Kyallu, zo mu yi tsere!"

Wannan karon ba ta ma tambaya ba. Ta juya fuska bango. Daga nan yaran suka daina zuwa.

Akuya ta tari Tunkiya a bakin rijiya, ta ce, "Ƙawata, saki yarinyar nan. Da faɗuwa yaro yake koyon tsayuwa."

Tunkiya ta harare ta, ta ɗaga murya don matan rijiya su ji. "Hassada ce ke cin ki. Naki duk gwiwoyinsu tabo, tawa kuwa sumul kamar ƙwai. Mu haɗu ranar giginya!" Ku ji fa, ita da bakinta ta gayyato 'yan kallo.

Aka yi girbi, ranar ta zo. Gari ya taru a gaɓa biyu. 'Ya'yan Akuya suka bi giginya kwas-kwas-kwas, ƙwarya ko motsi ba ta yi a kansu. Ƙaramin ma sai da ya tsaya a tsakiya ya sosa kunne da ƙafar baya, don tsabar iya shege.

Aka kira Kyallu. Goye uwar ta kawo ta, kada tafiya ta rage mata ƙafa. Ta sauke ta, ta ɗora mata ƙwarya, ta ce da ƙarfi, "To 'yata, fito da su!"

Kyallu ta miƙe, ƙafafu suka kama rawa kamar kara a iska. Tun kafin ta kai giginya fura ta tsiyayo mata a kunne. Tunkiya ta yi dariyar yaƙe, ta ce, "Sabunta ce."

Kyallu ta ɗora ƙafa a gungume, ƙafar ta zame, ta zauna daɓas. Tunkiya ta ce a hankali, "Sake, 'yata."

Ta sake. Taku ɗaya, taku biyu, a na uku ta karkace. Ƙwarya ta yi gabas, Kyallu ta yi yamma, tsulum cikin taɓo, don ruwan rafin ya ja baya.

Da an yi dariya ma da sauƙi. Ba wanda ya ce uffan, ko Akuya kau da kai ta yi. Cikin shirun nan Kyallu ta ɗago fuska, duk laka, ta ce, "Inna, ina ƙafafun da na ajiye? Na zauna kamar yadda kika ce."

Wallahi Tunkiya ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ta waiga neman Gizo, sai ga shi can ƙarƙashin giginya yana lasar furar da ta zube. Da suka haɗa ido ya sulale, ya haye reshen wata bishiya.

Sai surukar Tunkiya ta miƙe daga tsallake, tsohuwa tukuf, ba haƙori ko ɗaya. Ta bi giginyar nan ba sanda, ta ƙetaro, ta gangara ta ciro jikarta, ta goge mata fuska. Ta ce, "Ba laifinki, amaryar gidana." Sannan ta dubi Tunkiya. Ba ta zage ta ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Tun kafin a haifi mijinki nake bin giginyar nan, yarinya. Nawa ba su ƙare ba."

Tunkiya ta sunkuyar da kai, ta kasa ɗagowa. A haka ta je har gidan Akuya, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Ƙawata, ki ce wa yaranki su dawo su kira Kyallu wasa." Suka dawo. Kyallu ta faɗi a langa, ta faɗo daga suri, ta zo ta ƙarshe a tsere, uwar tana ji tana gani ta haɗiye kukanta. Baɗi yarinya ta kai furar ba ɗigo ɗaya a ƙasa. Amma ita uwar kunyar nan ba ta sake ta ba. Shi ya sa har gobe in kun ga tunkiya, kanta a ƙasa take tafiya.

To kun ji. Ƙafar yaro da wasa take ƙarfi, zama ne ke kashe ta, kuma wanda ya hana ɗansa ƙaramar faɗuwa a tsakar gida ya tanadar masa babba a gaban jama'a. Gobe kada in ga wani ya wuni a jikin zanena.

Ƙungurus kan kusu, kusun ma da gudu ya tsira.