Barmo da Ruwan da Ya Daina Gudu

Tun kafin fatake su san hanyar gabas, wani maharbi mai suna Barmo ya biyo sawun gwanki har bakin kogin Tsagwaro, wurin ya kwanta masa, ya kafa bukka. Barmo mijin Anaruwa, dodon dawa, kibiya ɗaya nama biyu. Cikin shekara bakwai gida goma sha biyu suka kewaye shi.

Can sama da su a bakin kogin akwai majema, masu jiƙa fatu da toka da kashin kaji, su tuttular da ruwan jima a kogi. Da damina ambaliya kan kwashe komai. Da rani kuwa kogin kan janye, sai ɗan zirin da ke tsiyayowa ya taru a gurbin da mutanen Barmo ke sha, ya kwanta, ya yi kore, ya yi ɗoyi. A bazara ta takwas gudawa ta kashe yara huɗu cikin mako guda, har da Kyauta, 'yar Barmo tilo. Anaruwa ma tana kwance, ba kuma wani ruwan da za a ba ta.

Barmo ya iske Cindo, Sarkin Jima, yana kankare fata. Ko gaisuwar mutuwa Cindo bai yi masa ba. Cewa ya yi tun kaka da kakanni an san ruwa mai gudu ba ya ɗaukar dauɗa. Ka ji rainin hankali, mutum na kallon kogin da ko gwiwar akuya bai kai ba yana zancen gudu.

Barmo ya shaƙo wuyan rigarsa, ya ja shi har gurbin, ya zare kibiya ya kwantar a kan ruwan.

"Ranka ya daɗe, in ta motsa na yafe jinin 'yata. In ba ta motsa ba, kai za ka fara sha."

Daga hantsi har la'asar suna zaune. An ce ranar iska ma ɗauke numfashi ta yi. Kibiya ba ta gusa ba, Cindo ya shanye ƙwarya guda yana hawaye. Kwana tara ya yi yana zarya bayan gari. Da ya miƙe, majema suka haƙa ramukan jima nesa da kogi, suka haƙa wa Anaruwa rijiya, da ruwanta ta warke.

Garin ya ci sunan Kibiya Tsaye. Har gobe, in an gama girbi, dattawa kan kwantar da kibiya a gurbin. Ranar da ta tsaya, ba mai sake zuba ko ruwan wanki a kogi. Bana ma ta tsaya, amma bututun wata masana'antar fata bai tsaya ba, kuma abin na ci mini rai. An je neman wanda zai sha ƙwaryar, aka ce shi mai masana'antar, ruwan roba yake sha.