Abin da ke Bayan Ganyen Lalle

Masu riƙe da labaran mata sun ce, a cikin birnin nan an yi wata mata ana ce da ita Hajiya Tabawa, tana zaune a saman wani bene na haya ita da autarta Rahane. Benen ba shi da tsakar gida, ko shanya sai an yi dabara. Amma a falonta, gefen taga, akwai wani tsohon bokitin fenti da ta huda gindinsa ta cika da ƙasa, a cikinsa kuwa ɗan itacen lalle ne da bai wuce ƙugun mutum ba.

Lallen nan ba don ado ta ajiye shi ba. Asalinsa a bayan ɗakin mahaifiyarta yake, a gidansu na cikin gari, kuma duk 'yar da aka aurar daga gidan nan da ganyensa aka yi mata ƙunshi. Da aikin titi ya biyo ta kan gidan aka rushe shi, reshe ɗaya Tabawa ta samu ta fito da shi a cikin mayafinta. Allah ya sa ya kama. Burinta ke nan, ko na tafin hannu ɗaya ne a samu a cikin ƙunshin Rahane, wadda aka sa bikinta bayan Babbar Salla.

Da Hajiya Yalwa, uwar angon, ta ji cewa surukarta na son shuka, sai ta aiko mata da furen wardi daga lambun gidanta, a cikin tukunya mai zane. Tabawa ta rasa inda za ta sa shi don murna. A ƙarshe ta jera shi da lallen, har ganye na taɓa ganye, don in mai kyautar ta zo ta ga an girmama ta.

Ba a daɗe ba zafin bazara ya shigo, lallen kuma ya soma lalacewa. Ganyen ya yi ɗigo-ɗigo fari kamar an barbaɗa masa gari, ya koma rawaya, ya riƙa zuba. A tsakanin rassan ga wata siririyar yana. Tabawa ta ƙara ruwa, ta sa kashin awaki, kullum da safe ta bi fuskar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma tana gogewa. Abu dai gaba yake yi. Duk uwar da ta taɓa sa ranar 'yarta ta san irin wannan fargaba.

Wata safiya tana tsince busasshen ganye, ta ɗaga kai sai ta hango wata macen tautau a kusurwar da ke saman taga, ta shimfiɗa saƙarta. Nan take ranta ya ɓaci. Ta ce ashe ga mai yi mata ɓarnar nan a kanta tana kallonta. Ta ɗauko tsintsiya mai dogon kara, ta ɗauko kwalbar fiya-fiya, maganin sauron nan mai wari, da niyyar ta kashe tautau sannan ta yi wa lallen wanka da shi.

Tana ɗaga tsintsiyar, tautau ta yi magana. Ta ce, "Hajiya, sauke hannunki tukuna. Ke a ƙasa ni a sama, mun daɗe muna zaman mutunci. Sauron da bai ciji 'yarki ba, cikina ya shiga. Yau kuma ni ce ɓarauniyar ganye?"

Tabawa ta ja da baya tana salati, amma fushi bai bar ta ta saki tsintsiyar ba. Ta nuna mata yanar da ke jikin lallen, ta ce in ba ita ba wa ke saƙa a gidan nan.

Tautau ta ce ba mutuwar ce ta fi ƙona mata rai ba, ko da yake ga ƙunshin ƙwanta nan a bayanta bai ƙyanƙyashe ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne a dubi waccan ƙazamar yana, ba kai ba gindi, a ce wai aikin hannunta ne. Ita nama take ci, me za ta yi da ganye? Sannan ta ce, "Kashe ni ba wuya. Amma ina ji miki tsoron ki wayi gari kamar Sallau mai shayi, ba na'a-na'a ba masu shan shayi."

Tabawa ta zauna a hannun kujera, tsintsiya a kan cinya, ta ce wane ne shi kuma, me ya same shi. Tautau ta gyara ƙafafunta ta soma.

Ta ce a bakin wata tashar mota an yi wani mai shayi, Sallau, kuma a rufin shagonsa kakarta ta zauna, daga bakinta ta ji wannan labari. Abin da ya sa direbobi ke tsallake teburin kowa su zo nasa shi ne ɗanyen na'a-na'a. Shi yake shuka abinsa a gwangwanayen madara, a cikin shagon, saboda awakin tasha ba sa barin komai a waje. In ya haɗa maka shayi sai ya miƙa hannu ya tsinko ganye biyu ya jefa a kofi kana gani.

Wata bazara, ga zafin kwano ga zafin murhu, na'a-na'an ya soma ɗigo-ɗigo yana yana, kamar dai wannan lallen. Sallau mutum ne mai gajen haƙuri. Ya sayo fiya-fiya ya ce yau zai gama da koma mene ne. Yayarsa Dudu, mai ƙosai a gefen shagon, ta riƙe masa hannu. Ta ce abin da mutane za su sha ba a zuba masa guba, kuma bai ma duba ya ga abin da yake yaƙa ba. Ya ce, "Yaya, ke dai ki kula da manki kada ya ƙone." Ta ce man ya ƙone, amma sai ya ji abin da ya sami Lantana da kan 'yarta. Ya ce ta faɗa da sauri, ruwansa na tafasa. Dudu ta ajiye matsami ta ce:

A unguwar da ta yi zaman aure akwai wata Lantana, mace mai tsafta da son a san tana da ita. Rana ɗaya ta ga 'yarta na susar kai, ta duba sai ga ƙwarƙwata. Ba ta tambayi kowa ba ta yanke hukunci: 'yar maƙwabciyarta mai dakau ce ta kawo. Ta fita har ƙofar gida ta yi wa matar nan tas a gaban jama'a, ta hana yarinyar shigowa. Yarinyar da ba ta ji ba ba ta gani ba. Bayan haka ta kashe ƙwarƙwatar da ta gani a gaban goshi, ta wanke kan, ta ɗaura wa 'yarta ɗankwali mai kyau. Ba a jima ba susa ta dawo.

Ashe kowace Juma'a 'ya'yan yayar mijinta na zuwa a mota, suna ƙamshin turare, su wuni su yi barcin rana a matashi ɗaya da 'yar Lantana. Ranar da mai kitso ta zo, ta tsaga kan ɗaya daga cikinsu, sai ta kira Lantana gefe ta nuna mata. Ta ce a raba musu matashi da mataji, a riƙa bin ƙeya da bayan kunne da matsefi mai ƙananan haƙora, yau a yi, bayan 'yan kwanaki a sake, a kuma sakewa, domin ƙwan da ya manne a gashi ba ya jin wanka. Lantana ta ce ta rufa mata asiri, da wane baki za ta gaya wa yayar miji cewa 'ya'yanta na da ƙwarƙwata? Ta bar matashi yadda yake. Don ta gama a rana ɗaya, ta tuttula wa 'yarta kananzir a ka. Fata ta saɓule, ƙwai kuma ya ƙyanƙyashe abinsa. Ana gobe Salla, 'yan mata na gidan kitso, ita 'yar Lantana tana gaban wanzami ana yi mata ƙwal.

Dudu ta ce, "Ka ji, ɗan'uwana. Ta zagi wadda ta raina, ta ji kunyar wadda ta cuce ta, ta nemi gajeriyar hanya, kan 'yarta ya biya."

Tautau ta ce da Sallau ya ji haka sai ya yi dariya, ya ce shi me ya haɗa shi da yayar miji, shi ba kitso yake yi ba. Ya rufe shago ya feshe gwangwanayen nan har suna ɗiga. Kakarta da ƙyar ta tsira ta ramin kwano, yawancin 'ya'yanta suka zubo ƙasa. 'Yan ƙwarin da ke farautar masu ɓarnar su ma suka mutu. Ganye ya babbake ta gefe. Ƙwan masu ɓarnar kuwa yana nan lafiya a inda Sallau bai duba ba, da ya ƙyanƙyashe bai tarar da mai cin sa ba, suka ninka na da. Abin takaicin, ya tsinki ɗan ganyen da ya rage ya jefa wa wani direba a shayi. Mutumin nan bai kai bakin gari ba ya tsayar da mota yana amai, fasinjoji suka kai shi asibiti. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma labari ya zaga tasha, benci ya zama na ƙudaje.

"Kin ga, Hajiya," in ji tautau, "Sallau ya kashe duk wanda idonsa ya gani, wanda ya ci shi kuwa bai taɓa ganinsa ba. Ke kuma da wannan kwalbar za ki wanke ganyen da za a kwaɓa a ɗaure wa amarya a hannu ya kwana?"

Tabawa ta dubi kwalbar, ta ajiye ta nesa da ita. Ta ce to in ba ita ba ce, ta nuna mata mai laifin.

Tautau ta ce ta ɗauko farin faranti ta tara a ƙarƙashin reshe ta karkaɗa. Tabawa ta yi. Wani abu kamar garin barkono ya zubo. Ta sa tabarau ta matso kusa da haske, sai ta ga garin nan yana tafiya. Ta murza da yatsa, ya bar jan zane a farantin. Tautau ta ce ta juya ganye ɗaya. Ta juya. Ga su nan dam a bayan ganyen, su da ƙwansu, a ƙarƙashin yanar. Duk kwanakin nan fuska take ta gogewa, su suna baya suna tsotse ruwan jikinsa.

Tautau ta ce wasu na kiransu jan gizo-gizo, wai don a ɓata wa danginta suna. Zafi da bushewa suke so, ruwa ne ba sa ƙauna. Ta ce a yanke rassan da suka riga suka mutu a ƙulle a leda a fitar. A kai bokitin banɗaki a karkata shi, a watsa wa bayan ganye ruwa da ƙarfi. A daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa a tace, a sa ɗan sabulu mara kaifi, a fara gwadawa a reshe ɗaya, in bai ƙone ba a bi sauran, kuma ba da tsakar rana ba. Sannan a yi ta maimaitawa kamar yadda mai kitso ta gaya wa Lantana, har sai faranti ya fito fari.

Tabawa ta miƙe za ta ɗauki bokitin, tautau ta ce saura abu ɗaya. Zancen yayar miji ba na Sallau ba ne, shi ya sa bai gane ba. Na Tabawa ne, ya jima yana jiranta. Ta ce, "Karkaɗa wancan furen ma."

Nan Tabawa ta tsaya. Ta ce ai wannan daga gidan manya ya fito, masu lambu da mai ba shi ruwa. Ta ce bai kamata ba. Ta ce in Hajiyar su ango ta shigo ta ga babu furenta a wurinsa, wane irin ido za ta yi musu, ga biki ya matso, ga Rahane za ta zauna a hannunta.

Tautau ta ce, "Ni kin ɗaga mini tsintsiya ba ki tambaye ni komai ba. Fure kuwa ko taɓa shi kina jin nauyi. To zaɓi. Kunyar suruka ko lallen mahaifiyarki, ɗaya ne zai kai Salla."

Tabawa ta dubi furen, ta dubi lallen. Sannan ta goge farantin da gefen zaninta, ta tara a ƙarƙashin wardin, ta karkaɗa. Abin da ya zubo ya fi na lallen yawa.

Ta sunkuya ta rungumi tukunyar mai zane, ta fita da ita can ƙarshen baranda, nesa da taga. Rahane ta fito daga ɗaki ta gan ta, ta dafe ƙirji ta ce, "Umma, in Hajiya ta zo ta ga furenta a waje fa?"

Tabawa ta ce, "Sai in ba ta faranti ta karkaɗa da hannunta. Shi ma za mu yi masa magani, in ya warke ya dawo. Jeki ki tsinto mini 'ya'yan darbejiya, Auta."

Ta koma falo ta ɗaga kai ta ce wa tautau ta yafe mata, ta zalunce ta, ta kuma ji abin da aka gaya mata. Tautau ta ce ta yafe, amma kada a sake haɗa saƙarta da ta waɗancan.

Tabawa ta yi ta wanke lallen tana maimaitawa, ba ta gaji ba, har lallen ya fitar da sabon toho. Bai yi yawa ba, tafin hannu ɗaya ya isa, na dama. Ranar da mata suka taru sharar biki, wata ta ɗaga tsintsiya za ta share yanar da ke saman taga, inda 'yan ƙananan tautau ke ta kai da kawo. Tabawa ta riƙe karan tsintsiyar, ta ce a share ko'ina, amma wannan kusurwar da mai ita.