Katantanwar Ƙarfe da Matar da Ta Yi Shiru

Ranar Lahadi bayan sujada na ji Mama Tabita tana tambayar Malam Habila, malamin kimiyya: "Malam, wai da gaske ƙarfe yana tsayuwa a iska ba zare?"

Ya ce, "Yana tsayuwa, Mama, muddin yana juyawa."

Ta ce, "Ashe irina ne. Ina zama sai gyangyaɗi."

Da na koma gida na rubuta wannan misali.

Akwai wani mutum mai gyaran rediyo. Ya sami wani babban maganaɗisu ya kafa shi a kan benci, ya kuma yi katantanwa da wani ƙarami. Maganaɗisu fuska biyu gare shi: ɗaya tana turawa, ɗaya tana ja. In ya murza katantanwar ya ɗaga ta a hankali, sai babban ya riƙa tura ta, ta tsaya a iska tana juyi. In juyin ya yi sanyi sai ta fara tangaɗi, daga nan ta kife, fuskar da ke ja ta koma ƙasa, babban ya fizgo ta. Saboda haka kullum yakan tara hannu kusa. Wata huɗu ya yi kafin ya daidaita nauyinta, kuma ita kaɗai gare shi.

Wata rana yayyensa suka zo gani. Ya murza, ta tashi. Babban yayan ya ce, "Kai, auta, yaushe ka fara tsafi?" Aka yi dariya. Sai mutumin ya juya musu yana bayani, ya ba bencin baya.

Matarsa ta kawo ruwa, ta durƙusa. Daga nan ƙasa ta ga katantanwar ta soma tangaɗi. Ta buɗe baki, sai ta tuna gaban yayyen miji take. Ta rufe.

Katantanwar ta kife, ta bugi babban, ta fashe gida uku.

Da baƙi suka tafi ya ce, "Kin gani?"

Ta ce, "Na gani."

"To me ya hana ki magana?"

"Kunya."

Ya tsince gutsattsarin.

Ga abin da misalin nan yake nufi. Katantanwa ita ce mai bi, juyinta kuwa addu'a da zumunci. Ba a faɗuwa farat ɗaya; sai an yi tangaɗi tukuna: yau an fasa sujada, gobe an daina gaisuwa. Sau da yawa wanda yake gani ba fasto ba ne, wanda yake durƙushe a gefe ne. Kunya abu ne mai kyau, iyayenmu sun koya mana. Amma kunyar da ta bar ɗan'uwa ya fashe, Ubangiji zai tambaye mu ita.

A layinmu akwai wata 'yar'uwa da ta yi mako biyar ba ta zo sujada ba. Jiya na je gidanta. Mun tsince wake, mun yi addu'a. Abin da ta gaya mini kuwa, ko maigidana ba zai ji ba.